Wa Ya Buɗe wa Shanun Tsoho?

Shanun gidan Tsoho ne suka fara yin abin da mutanen gidan suka yi shekaru suna mafarki: suka fita, ba su nemi izinin kowa ba.

Da hantsi garken ya zama wayam. Babu saniya, babu maraƙi, sai kashi da ƙudaje da wani giɓi a shingen yamma, inda aka karya itace biyu, waya tana reto. Maƙwabta sun yi cincirindo a bakin giɓin, kowa hannu a baya, irin tsayuwar masu jajen da abin ya ɗan yi musu daɗi. Kafin a aika kiran Mai Sawu, jama'a sun riga sun yanke hukunci: Dogo ne, makiyayin gidan. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Shi kaɗai ne ba ɗan gida ba, kuma ba shi da dangin da za su yi fushi.

Mai Sawu ya iso yana jan gwiwa. Ya haura hamsin, wuyansa ya sunkuya saboda kallon ƙasa, har ana cewa ya san diddigen kowa a yankin, fuskoki ne ke ruɗa shi. Ya dubi tarin ƙafafun da suka tattake wajen.

"Sannunku da aiki," in ji shi. "Akwai sauran inda ba ku taka ba, ko in ba ku lokaci ku ƙarasa?"

Suka ja da baya, ba da nisa ba.

*

Ɗakin Tsoho yana warin man zafi da tsohuwar katifa. An juya gadon ya fuskanci taga, tagar kuma tana kallon garke, domin tun da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, daga nan yake mulki. A gindin gadon wata mace tana durƙushe tana naɗe masa ƙafar da tsumma mai ratsin shuɗi. 'Yarsa ce. Ta wuce arba'in, furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali, amma a gidan Yarinya ake ce mata, kuma babu wanda ya taɓa jin abin a matsayin wasa.

"Doka ɗaya ce a gidan nan," Tsoho ya ce kafin a gama gaisuwa. "Wanda ya bar wa shanu ƙofa, shi ma ƙofa ta buɗe masa. Ba ya sake kwana ƙarƙashin rufina."

Mai Sawu ya san dokar, duk yankin an san ta. Shekarun baya ɗan Tsoho na uku ya manta sakata, sa ɗaya ya fita yawo, aka kore shi daga shi sai rigar jikinsa. Yanzu yana birni yana facin taya, ya yi tumbi, yana aiko da hotuna. A gidan Korarre ake kiransa, da irin muryar da ake ambaton wanda ya ci gasa.

Ya kuma san ɗaya dokar, wadda Tsoho bai ƙirga ba: duk ɗan da ya bar gonar da ƙafarsa, uban ya rantse zai yi masa baki. Wanda aka kora fushi kawai yake tafiya da shi, fushi kuwa ana iya zama da shi a birni. Baki ne ba a iya zama da shi ko'ina.

"Baba, ka ga wani abu ta tagar?" in ji Mai Sawu.

"Da me zan gani? Ƙwayar likitan nan tana shimfiɗe ni kamar gawa. Na farka labule a rufe, gida ya cika da ihu." Ya motsa ƙafar. "Ke, kin matse! Wannan ƙulli nata ko aljani ba ya kwance shi."

"Don kada ka tsince shi ne, Baba," in ji Yarinya, ba ta ɗago ba.

Mai Sawu, da yake idonsa ƙasa yake zama, ya ga ƙullin. Ninki biyu ne, an cusa jelar ciki, babu bakin da za a ja.

"Kafin rana ta faɗi ina son shanuna da suna," Tsoho ya ce. "In babu suna, Dogo ya ɗaure kayansa."

*

Babban ɗan gidan, wanda kowa ke ce wa Babba, ya raka shi bakin shinge. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da fuskar wanda aka ba gadon sarauta aka hana shi zama a kai.

"Ga hanyarsu nan," Babba ya nuna giɓin. "Na sha gaya wa Dogo ya gyara itacen nan. Bijimi ya jingina, shi ke nan."

Mai Sawu ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara. A tsakiyar giɓin akwai ciyawa. Takalman maƙwabta sun kwantar da ita, amma ƙasar ƙarƙashinta babu ramin kofato ko ɗaya.

"Shanunku suna da fukafukai?"

"Kamar yaya?"

"Garke guda ya bi ta nan bai bar ko kashi ba. Ni ban taɓa ganin saniyar da ta iya riƙe cikinta a lokacin murna ba."

Ya miƙe ya zagaya zuwa babbar ƙofa, wadda ke rufe da sakata. A bakinta sawun ya yi magana sarai. Kofato a kan kofato, a jere, babu tsalle, babu turereniya, ƙananan sawun maruƙa a gefen na iyayensu. Daga can baya akwai wata mai jan ƙafa ɗaya.

"Ta nan suka fita, a natse, kamar masu zuwa gaisuwar surukai. Daga baya wani ya rufe ƙofar."

"Ni ban sani ba," in ji Babba, ya sa hannun damansa a aljihu. Bai yi saurin da ya kamata ba. A tafin akwai sabon yanka, siriri, irin na waya.

*

Ɗakin Dogo yana bayan rumbun dusa, kuma rumbun ya fi shi girma da iska. Tsohon makiyayin yana zaune a bakin tabarma, gabansa ƙunshin kaya wanda kaza ma za ta iya ɗauka.

"Har ka ɗaure?"

"Eh? Matso ta wannan ɓangaren, wancan kunnen ya riga ni mutuwa."

Mai Sawu ya matsa. "Ba ka ji fitarsu ba?"

"A kan mai kyan nake kwana. Shekara da shekaru haka nake, don munsharin bijimi." Ya shafa ƙunshin. "Ina za ni, Mai Sawu? Garinmu waɗanda suka san ni duk suna ƙasa. Ni nan nake so in mutu, kusa da su. 'Ya'yan gidan nan kullum idonsu na kan titi, ni kuwa titi tsoro yake ba ni."

"Akwai mai jan ƙafa a cikinsu."

Fuskar Dogo ta canza. "Gurguwa. Ƙusa ta taka. Ita ce ke damuna, wallahi, ba korar ba. Da yamma nakan kwance mata tsumma ciwon ya sha iska, ba a sake ɗaurewa sai za a fita kiwo. Jiya da hannuna na kwance, ga shi can a kan igiya." Ya nuna wani baƙin tsumma. "Yanzu tana can tana taka tsakuwa da ɗanyen ciwo. Wanda ya yi wannan ba shi da imani."

*

Ɗa na biyu shi ya nemo Mai Sawu da kansa. Gobe ake ce masa, domin tun yana saurayi yake cewa gobe zai tafi. Akwatinsa a shirye yake ƙarƙashin gado, kayan ciki sun daina shigarsa tuntuni.

"Kada ka wahalar da gwiwarka," in ji Gobe. "Maƙwabcinmu mai masara ne. Bara ya rantse in shanunmu suka sake leƙa gonarsa, ba za mu ƙara ganinsu ba. Ni na ji da kunnena."

Suka bi sawun tare har iyakar gonar masarar. Maƙwabcin yana tsaye a kunya da fartanya, ya shirya faɗa tun safe bai sami abokin yi ba.

"Ku duba! Ku duba da kyau!" ya ce. "In kun ga saniya a aljihuna ku ɗauka."

Mai Sawu ya duba. Masarar ta yi kore shar, ta kai ƙirji, babu shinge tsakaninta da hanya. Sawun ya zo daf da ita, sai ya lanƙwasa, ya yi babban zagaye ta cikin tsakuwa, ya koma hanya a can gaba. Ko ganye ɗaya ba a gutsura ba.

"Malam, an ɓata maka wani abu?"

Maƙwabcin ya dubi gonarsa da ɗan takaici. "A'a."

"To ka gode wa wani. Saniya ba ta da wannan tarbiyya. Akwai wanda ke gabansu, wanda suka saba bi, kuma yana jin kunyarka."

"Ina sawunsa?" in ji Gobe.

"Ƙarƙashin nasu. Wanda ya shiga gaban garke, garken ne ke share masa baya."

Gobe ya tsaya yana kallon hanyar, inda ta miƙe ta nufi kwalta. "Kenan wanda ya yi, korarsa za a yi."

"Haka Baba ya ce."

"Kora sosai? Ba dawowa?"

Mai Sawu ya ɗago, abin da ba kasafai yake yi ba. Idon Gobe yana ƙyalli kamar na wanda aka yi wa albishir.

*

Daga nan shi kaɗai ya ci gaba. Sawun bai nufi kwalta ba, inda motoci ke kashe dabbobi. Ya gangara kwari, ya kauce wa wata rijiya da aka bari a buɗe, ya bi inuwa duk inda inuwa take. Ɓarayi da yawa Mai Sawu ya bi a rayuwarsa, bai taɓa bin wanda ke zaɓar wa shanu hanya mai laushi ba.

Ya same su a bakin rafi. Ciyawa har gwiwa, ruwa na gudu, babu shinge iyakar ganin ido. Shanun kuwa sun taru wuri ɗaya, sun juya wa duk wannan baya, suna fuskantar gida suna kuka. Lokacin dusa ya yi.

Gurguwa tana gefe a kwance. Ya lallaba ya kama ƙafar. An naɗe ta tsaf da sabon tsumma mai ratsin shuɗi. Ninki biyu, jela a ciki, babu bakin da za a ja.

Ya zauna a kan dutse ya daɗe. Sana'arsa ke nan tun yana matashi: duk abin da ya samu ya kuɓuce, shi ake kira ya mayar da shi. Bai taɓa tambayar ko ɗaya daga cikinsu ra'ayinsa ba.

Bai ma kora su ba. Da ya miƙe suka shiga gaba, yana binsu a baya yana ɗingishi, shi da Gurguwa.

*

Rana ta yi ja lokacin da aka taru a ɗakin Tsoho. Babba ya jingina da ƙofa, Gobe yana bakin taga, Dogo ya tsuguna a dokin ƙofa da ƙunshinsa a cinya. Yarinya tana tsaye kusa da gado da kofin magani. Ta taga ana ganin shanun sun dulmiya baki cikin kwamin dusa.

"Shanu sun dawo," in ji Tsoho. "Saura suna."

"Ni ne, Baba!"

Kowa ya juya. Gobe ya dafa ƙirji, fuskarsa cike da nadamar da ta yi kama da murmushi.

"Ni na buɗe. Shaiɗan ne. Na san doka, ba zan roƙi komai ba, kayana ma a haɗe suke."

"Ta wace hanya ka bi da su?" in ji Mai Sawu.

"Ta... hanya."

"Rijiyar tana hagu ko dama?"

"Wace rijiya?"

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Na so in taimake ka, amma ba ka da laifi."

Gobe ya zauna a hankali, kamar wanda aka karanta wa hukuncin ɗaurin rai da rai.

"Shinge fa?" Tsoho ya ce. "Dogo bai gyara shinge ba."

"Shinge lafiyarsa ƙalau har bayan fitar shanu," in ji Mai Sawu. "Ba sakacin Dogo ba ne. Hannu ne ya karya shi, don a ce tsautsayi ne, ko a ce sakacin makiyayi. Babba, nuna wa Baba tafinka."

Babba bai nuna ba. Bai kuma musa ba.

"Kai ka buɗe?" Muryar Tsoho ta yi ƙasa.

"Da ni ne ai da tuni na faɗa," in ji Babba da ɗaci. "Na fito da sassafe na ga ƙofa a hangame, na ga mai dawowa daga kwari, raɓa ta jiƙa zane har gwiwa. Na rufe ƙofar, na je na karya shinge."

"Saboda ƙauna," in ji Mai Sawu.

"Saboda in aka kore ta, wa zai wanke ƙafar nan? Matata? Wa zai yi tatsa? Wa zai tashi in ya yi tari?" Ya kalli Dogo, ya kau da kai. "Makiyayi kuwa ana samun wani."

Mai Sawu ya ciro tsumman ƙafar Gurguwa daga aljihu, a zagaye yadda ya zare shi, ƙullin na nan. Ya ajiye shi a kan gado, kusa da ƙafar Tsoho. Yadi ɗaya, ƙulli ɗaya.

"Dogo ya kwance wa Gurguwa ƙafa jiya da yamma. Ba a ɗaure mata sai za ta yi tafiya. Wanda ya ɗaura wannan ya san tafiya za ta yi, kuma bai iya barinta ta taka tsakuwa haka nan ba. Ɓarawo ba ya tsayawa jinya."

Yarinya ta ajiye kofin. Ta gyara tsayuwa, ta dubi ubanta ido cikin ido, wataƙila karo na farko tun tana goyo.

"Ke ce?"

"Ni ce, Baba."

"Mantuwa kika yi?"

"A'a. Na ja labule, na buɗe ƙofa, na shiga gabansu."

Tsoho ya dubi tsumman, ya dubi ƙafarsa, ya dubi 'yarsa. A bayan ƙofar ɗakin, inda ba kowa zai lura ba, Mai Sawu ya hango wata 'yar jaka da takalmi mai kyau a kai, an goge shi. Daga inda Tsoho yake kwance ma ana hango su. Ciwon ƙafa ne da shi, ba na ido ba.

Ya daɗe yana tauna bakinsa. Sannan fuskarsa ta yi laushi, irin laushin da ba a taɓa gani a gidan ba.

"Shekara nawa kina ɗawainiya da ni," ya ce. "A ce kuskure ɗaya ya sa in jefar da ke titi? Me mutane za su ce?"

"Baba, doka ce. Kai ka kafa ta. Ka kori ɗanka a kan sa ɗaya, ni garke guda na..."

"Ni na kafa, ni na ɗage." Ya miƙa hannu ya dafa kanta. "Na yafe miki, Yarinya. Duniya da lahira. Babu inda za ki."

"Allah Ya ƙara girma, Baba," in ji Babba da sauri.

"Dogo, kwance kayanka. Babba, gobe ka gyara shingen da ka karya. Ke kuma miƙo maganin nan, ya huce."

Ta miƙa masa.

*

Mai Sawu ya same ta a garke lokacin da zai tafi. Tana tsugune da bokiti tsakanin gwiwoyi, goshinta a jikin saniya, madara tana tsartuwa.

"Da kin faɗa tun safe, da kin hutar da gwiwata."

"In na faɗa da bakina, ya san ina so," ta ce, ba ta juyo ba. "Abin da Baba ya san kana so, ba ya ba ka. Na ce bari a kama ni kamar kowane mai laifi."

"Da ban gano ba fa? Dogo?"

"Da na faɗa kafin ya kai bakin titi. Shi yana son zama." Ta matsa gaba da bokitin. "Jakar ce ta tona ni, Baba ya gan ta. Da na bar ta ƙarƙashin gado."

A can gefe Dogo yana duba ƙafar Gurguwa yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, kamar wanda aka dawo wa da mata daga yaji.

"Can bakin rafin," in ji ta, "da ka iske su, suna kiwo?"

Ya yi tunanin yi mata ƙarya, sai ya ga ta gaji da kyautatawa yau.

"A'a. Gida suke kallo."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Dabbobin banza."

Ya buɗe ƙofar garken ya fita. Bai yi taku uku ba aka ƙwanƙwasa gilashin taga daga ɗakin Tsoho, da sanda, sau biyu.

"Sakata yake nufi. Bar ta, Mai Sawu," ta ce. "Daga ciki ake sa ta."

Ta tashi, ta goge hannu a zane, ta tura sakatar.